Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewacin Najeriya

Dakta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda ya rayu daga shekara ta 1912 zuwa 1977, shi ne ɗan Arewacin Najeriya na farko da ya zama cikakken likita irin na zamani.

Sunansa ne aka sanya wa babban asibitin da ke kan titin Lafia a yankin Doka, cikin garin Kaduna, wanda har yanzu wasu tsofaffin mazauna garin ke kira da sunansa na dā, wato Nursing Home.

Akasarin waɗanda suka san tarihinsa sun fi tunawa da shi ta fuskar siyasa, kasancewarsa shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma kwamishina a gwamnatin Janar Yakubu Gowon.

Amma mafi yawan shekarun aikinsa a fannin kiwon lafiya ya yi su, a wani zamani da babu na'urorin gwaje-gwaje a galibin asibitocin Arewa, lokacin da likita da ma'aikacin jinya ba su da abin dogaro wajen gano cuta illa idonsu da hannunsu da kunnensu.

Haihuwa da karatu

An haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekara ta 1912. Bafulatani ne, kuma ya tashi ne a cikin 'yar ƙaramar al'ummar Hausawa da Fulani mabiya addinin Kirista da ta taru a kewayen mishan ɗin CMS na Zariya.

Jagoran wannan mishan shi ne Dakta Walter Miller, wani likita ɗan Ingila da ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900, ya kuma zauna a birnin Zariya daga 1905, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Daga bisani aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a wajen ganuwar birni, kuma a can ne asibitin St Luke yake.

Makarantar Miller ba ta da ɗalibai masu yawa, to amma ta yaye mutanen da suka riga sauran 'yan Arewa shiga fannonin ilimin boko da dama, kuma Barau Dikko yana cikin na gaba-gaba.

Daga nan ya wuce King's College da ke Legas, wadda aka kafa a 1909, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila inda ya karanci aikin likita.

Domin a fahimci irin ratar da ke tsakanin sassan ƙasar, yana da kyau a tuna cewa Nathaniel King, wanda ake ɗauka a matsayin likitan farko ɗan Najeriya, ya sami shaidarsa a Birtaniya tun cikin shekarun 1870. Wato sai da aka yi kimanin shekaru sittin kafin Arewa ta sami nata.

Ilimin gefen gado

Koyon aikin likita a Birtaniya a shekarun 1930 ya ta'allaƙa ne a kan abin da ɗalibi zai iya ganowa a gefen gadon majiyyaci.

Matakin farko shi ne tambaya: me ke damun mutum, yaushe ya fara, me ke ƙara shi, me ke rage shi, wace cuta ya taɓa yi, kuma wane magani ya sha.

Bayan haka sai duba jiki, wanda aka kasa shi gida huɗu. Na farko kallo, na biyu lalube da hannu, na uku ƙwanƙwasa ƙirji ko ciki da yatsa, na huɗu kuma saurare.

Kowanne daga cikinsu yana da tarihinsa. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, shi ne ya bayyana a 1761 cewa ƙirjin da ya tara ruwa ba ya amo irin na ƙirji mai lafiya idan an ƙwanƙwasa shi.

A 1816 kuma wani likitan Faransa, René Laennec, ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji, wanda a yau ya zama alamar da ake gane likita da ita.

Ma'aunin hawan jini da ake ɗaurawa a dantse ya fito ne daga hannun Scipione Riva-Rocci na Italiya a 1896, sannan a 1905 Nikolai Korotkoff na Rasha ya nuna yadda za a saurari jijiya a sami lambobi biyun nan da ake rubutawa, na sama da na ƙasa.

Tun ƙarnoni kafin waɗannan, likitocin duniyar Musulmi sun ba wannan fanni muhimmanci. Ar-Razi ya bambanta agana da ƙyanda ta hanyar lura da majiyyata, shi kuma Ibn Sina ya yi dogon bayani a kan bugun jijiya da launin fitsari a cikin littafinsa Al-Qanun.

Wannan gadon ilimi ne Barau Dikko ya ɗauko ya dawo da shi gida.

Komawa gida

A shekara ta 1940 ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka a matsayin ƙaramin jami'in kiwon lafiya.

Tsarin da ya tarar bai yi wa baƙar fata adalci ba. Tun a 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka kuma keɓe shi ga Turawa zalla, saboda haka likitocin Afirka suka daɗe suna aiki a wani mataki na daban, da albashin da bai kai na takwarorinsu ba, ko da kuwa jami'a ɗaya ta yaye su.

Asibitoci ma a rarrabe suke. A Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, akwai wurin jinyar Turawa daban, akwai na 'yan ƙasa daban.

Likitoci kuwa ba su taka kara sun karya ba, in aka kwatanta da yawan jama'a. Ƙidayar 1952 ta nuna cewa mutanen Jihar Arewa sun kusa miliyan 17, kuma mafi yawansu a karkara suke, nesa da duk wani asibiti.

A irin wannan hali, likita ɗaya kan riƙe asibitin gari, ya yi tiyata, ya karɓi haihuwar da ta gagara, ya duba fursunoni, sannan ya fita rangadi domin duba ɗakunan shan magani na En'e.

Ɗan ƙasa kamar Dikko yana da wata dama da takwarorinsa Turawa da yawa ba su da ita, domin yana jin majiyyaci kai tsaye ba tare da tafinta ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda idan Bahaushe ya ce yana fama da shawara, ko sanyi, ko ciwon daji, kalmar tana iya ɗaukar ma'anoni da dama, kuma sai wanda ya san harshen da al'adar ne zai san tambayar da ya kamata ta biyo baya.

Ma'aikatan jinya da malaman asibiti

Ƙarancin likitoci ya sa nauyin fara duba marar lafiya ya koma kan ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman ɗakunan shan magani.

Su ne ke fara ganin majiyyaci, su ne ke kwana da shi, kuma abin da suka rubuta a takardar da ke rataye a ƙarshen gado shi likita ke karantawa idan ya zo zagaye da safe.

Abubuwa huɗu ne ginshiƙin wannan takarda: zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da kuma awon jini.

Ga baligi mai lafiya da ke hutawa, zafin jiki yakan kasance wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, bugun jijiya tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi tsakanin 12 zuwa 20, awon jini kuma wajen 120 bisa 80.

Amfanin waɗannan lambobi yana cikin maimaita awon ne a kan lokaci. Bugun jijiyar da ke ta ƙaruwa alhali awon jini yana sauka, a jikin matar da ta haihu ko wanda aka yi wa tiyata, alama ce ta cewa jini na iya zuba a inda ido ba ya gani.

Florence Nightingale, wadda ta kafa makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, ta ɗauki lura da marar lafiya a matsayin babban darasin da ya wajaba a koya wa mai jinya.

A Najeriya, an kafa hukumar kula da ungozomomi a 1930, aka kuma kafa majalisar kula da aikin jinya a 1947, wadda ta fara rajistar ma'aikata da tsara jarrabawarsu. An haɗe hukumomin biyu wuri guda a 1979.

Ke nan shekarun aikin Dikko sun zo daidai da lokacin da jinya ke tashi daga aikin da ake koya da gani a ɗakin marasa lafiya, tana zama sana'a mai makaranta da shaidar ƙwarewa.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

A 1948, yana aiki a Zariya, Dakta Dikko ya jagoranci wani taro na 'yan bokon Arewa domin kafa ƙungiyar da za ta tattauna matsalolin yankin.

A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Malam D. A. Rafih, ya kira irin wannan taro a Kaduna. Ƙungiyoyin biyu suka haɗe, aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa.

An yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yunin 1949, kuma Dakta Dikko ne ya zama shugabanta.

Daga cikin waɗanda aka yi tafiyar da su akwai Alhaji Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Malam Yusuf Maitama Sule.

Manufar da ƙungiyar ta bayyana ita ce yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, kuma ta yi ta jaddada cewa ba ta zo domin ƙalubalantar sarakuna ba.

Masana tarihi sukan yi nuni da cewa ƙungiyar da kusan dukkan 'ya'yanta Musulmi ne ta ɗora Kirista a kan kujerar shugabancinta, saboda iliminsa da mutuncin da yake da shi a idon jama'a.

Tafiyar ba ta daɗe a dunƙule ba. Masu ra'ayin sauyi sun kafa NEPU a Kano ranar 8 ga watan Agustan 1950, sannan a watan Oktoban 1951 aka mayar da ƙungiyar jam'iyyar siyasa, wadda aka fi sani da NPC.

Da yake doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya shiga siyasar jam'iyya ba, sai Dikko ya sauka ya ci gaba da aikin likita. Ragamar jam'iyyar ta koma hannun su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Yaƙi da cututtukan da suka zauna a ƙasa

An ɗaga shi zuwa babban jami'in kiwon lafiya a 1953, sannan a 1957 ya zama babban likita a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida, a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa da ke Kaduna.

A wannan fanni ne aka fi ganin amfanin duba jiki da hannu, domin ayarin ma'aikata ne ke bin ƙauyuka suna duba mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙasar Zazzau da maƙwabtanta a shekarun 1930, har ta kai aka tashi wasu ƙauyuka a yankin Anchau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Hanyar gano shi ita ce a jera jama'a, ma'aikaci ya lalubi bayan wuyan kowa. Wanda aka ji kaluluwa ta kumbura a wuyansa, sai a tsotso ruwanta da allura a duba a madubin likita.

Saboda girman wannan matsala ne aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, mai rassa a Kaduna da Vom, wadda daga baya ta koma hannun gwamnatin Najeriya.

Kuturta ma da ido da hannu ake gano ta. Ana neman tabon da ya fi sauran fata haske, a sa mutum ya rufe ido, a shafa masa auduga a wurin. In bai ji ba, sai a lalubi jijiyar gwiwar hannu a ji ko ta yi kauri.

A cikin shekarun 1950 aka bazu da ƙananan wuraren ba da ƙwayar dapsone a faɗin Arewa, abin da ya ba dubban masu cutar damar shan magani suna zaune a gidajensu, maimakon a killace su.

Yawan zazzaɓin cizon sauro a gari kuwa, ana auna shi ne ta hanyar lalube cikin yara a ƙirga nawa ne saifarsu ta kumbura.

Sanƙarau, wanda ke ɓarkewa lokacin zafi kafin saukar damina, babbar alamarsa ita ce zazzaɓi da ciwon kai tare da sanƙarewar wuya, ta yadda haɓa ba za ta iya taɓa ƙirji ba.

Agana kuma ana bambanta ta da ƙaranbau ta yadda ƙurajen suka bazu, domin na agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har da tafin hannu. An daina ganin agana a Najeriya a 1970, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da ita daga doron ƙasa a 1980.

Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba likitoci ba ne. Ma'aikatan jinya ne da malaman asibiti da aka koya wa alamomi ƙalilan, aka kuma tabbatar sun iya su sosai.

Zuwa 1960, shekarar da Najeriya ta sami mulkin kai, Dikko ya koma sashen da ke kula da asibitoci da warkar da marasa lafiya, yana cikin manyan jami'an ma'aikatar.

A majalisar Gowon

Bayan juyin mulkin 1966 da rikicin da ya biyo baya, Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 ranar 27 ga watan Mayun 1967.

Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zariya da Katsina.

A watan Yunin wannan shekara Gowon ya shigo da fararen hula cikin majalisar zartarwa ta Tarayya, ciki har da Cif Obafemi Awolowo da Malam Aminu Kano da Joseph Tarka da Anthony Enahoro.

Dakta Dikko ya sami muƙamin kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki, ma'aikatar da harkar man fetur ke ƙarƙashinta a lokacin.

Ya riƙe ta a tsawon yaƙin basasa, wanda aka fara a watan Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970. A cikin waɗannan shekaru ne aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma kafa dokar man fetur ta 1969.

A 1971 aka mayar da shi ma'aikatar sufuri. Wannan ne ya sa wasu ke rikita shi da Alhaji Umaru Dikko, wanda ya riƙe ma'aikatar sufuri a gwamnatin Shehu Shagari daga 1979, alhali kuwa mutane biyu ne daban.

Dakta Barau Dikko ya rasu a shekara ta 1977.

Asibitin da ke ɗauke da sunansa

Asibitin Nursing Home na Kaduna ya samo asali ne a matsayin wurin jinyar Turawan mulkin mallaka da iyalansu.

Bayan rasuwar Dikko aka sanya masa sunansa, ya zama asibitin ƙwararru na jiha, daga baya kuma aka ɗaga shi zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004.

Wurin da aka gina domin Turawa kaɗai, yanzu yana amsa sunan baƙar fatar da ya fara shiga sahunsu daga Arewa, kuma a cikinsa ake horar da likitocin jihar.

Abubuwa da yawa sun canza tun zamaninsa. Akwai hoton ciki da na ƙwaƙwalwa, akwai gwajin zazzaɓin cizon sauro da ke ba da sakamako cikin kimanin minti goma sha biyar, akwai kuma allurar rigakafin sanƙarau.

Sai dai waɗannan na'urori sun fi yawa a birane, kuma suna buƙatar kuɗi da wutar lantarki. A ƙananan asibitocin karkara, har yanzu ma'aikacin jinya ko jami'in lafiya na matakin farko ne ke yanke shawarar wanda za a ba magani ya koma gida, da wanda za a garzaya da shi babban asibiti.

Saboda haka ne ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara suka dogara a kan alamomin da ake gani ba tare da na'ura ba.

Yaro mai tari da ke tsakanin wata 2 zuwa 11, in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko kuma 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, ana ɗaukarsa a matsayin mai ciwon limoniya. Haka nan in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi.

Fatar cikin da aka tsunkula ta yi jinkirin komawa tana nuna ƙarewar ruwa a jikin mai gudawa. Farin tafin hannu da na cikin fatar ido yana nuna ƙarancin jini.

Dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da bai kai santimita 11.5 ba, ko kumburin ƙafafu biyu, alama ce ta tamowa mai tsanani.

Ga mai juna biyu kuwa, awon jinin da ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20 gargaɗi ne na cutar da ke kai wa ga jijjiga, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewacin Najeriya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar abin da ya wuce agogo, da ma'aunin jini, da ɗan zaren awo, da ma'aikacin da aka horar aka kuma ba shi isasshen lokacin da zai duba majiyyaci da kyau.

Da irin waɗannan kayan aiki ne Dakta Barau Dikko da ma'aikatan jinyar zamaninsa suka fara aiki a 1940, kuma da su ne ɗaliban asibitin da ke ɗauke da sunansa a Doka suke fara koyon nasu.